Zauren Tambaya: "An Ce Maigidana Ya Ci Keke Napep"

Wasiƙun wannan wata kamar an haɗa baki, duk a kan masu cewa ka ci kyauta ne. Na ture tambayoyin gyaran suna a BVN zuwa fitowa ta gaba, na ɗauko waɗannan. Waɗanda abin ya zo musu da gaggawa na riga na amsa musu ta waya, ina maimaitawa ne a nan don saura su ji. Kamar kullum, na cire sunaye na bar unguwanni.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ranar Talatar da ta wuce aka kira maigidana aka ce layinsa ya fito a garaɓasar kamfanin waya, ya ci sabon Keke Napep da naira miliyan ɗaya. Wanda ya kira Bahaushe ne, ya ambaci sunansa har da na mahaifinsa. Ya ce a tura naira 18,500 kuɗin rajista, ya tura. Jiya kuma sun ce sai an biya 46,000 na haraji da na tirelar da za ta ɗauko keken daga Legas. Sun hana shi gaya wa kowa, wai kada a yi masa hassada, ni ma ta bayan labule na ji. Yanzu idonsa na kan keken ɗinkina. Na yi magana ya ce baƙin ciki nake yi masa. Don Allah gaskiya ce ko damfara? Daga Maman 'yan biyu, Rigasa.

Amsa: Maman 'yan biyu, damfara ce, ba ko tantama. Keke ɗaya ne na gaske a duk zancen nan, shi ne wanda ke ɗakinki. Ki riƙe shi da kyau.

Bari in ba ki labarin abin da ya faru a gabana, ko kya gane irin mutanen da maigidanki ya faɗa hannunsu. Masu bin wannan shafi sun san ina da ɗan shagon POS da hoton takardu a Tudun Wada, ba nisa da Kasuwar Barci. Wata Alhamis bayan la'asar wani dattijo mai sayar da gwanjo ya faɗo shagon, waya a kunne ya dafe ta da kafaɗa. Ko sallamar kirki bai yi ba, mutumin da kullum sai ya tambayi iyalina ɗaya bayan ɗaya. Ya zura hannu a aljihun 'yar shara ya zaro kuɗi ɗaure da roba, ya dire mini tare da yagaggen kwalin sukari mai lambobi goma a jiki. "Tura dubu ashirin da biyu nan, yi sauri."

Na danna lambobin. Kin san kafin kuɗi ya tafi na'ura kan nuna sunan mai asusun. Sai ga sunan wata mace, a wani ƙaramin bankin waya. Na juya masa fuskar na'urar na ce, "Baba, ka san wannan baiwar Allah?" Ya ce ai kamfani ne, babur ya ci. Na ce to ga shi sunan mutum ya fito, ba na kamfani ba. Sai ya gaya wa na cikin wayar, har da ɗan rusunawa kamar yana gabansa: "Ranka ya daɗe, wai sunan mace ne ya fito." Ina jin amsar daga inda nake zaune, don wayar irin mai amon nan ce: "Akantar ofishinmu ce, Alhaji. Ba na ce kada ka yi shawara da kowa ba? Masu POS ɗin nan su ke cinye wa mutane kyauta. Saura minti goma a ba wani." Na miƙa hannu na ce a ba ni shi mu gaisa. Ƙit, aka kashe.

Kina tsammanin ya gode mini? Ya kwashe kuɗinsa, ya ce na tsaya masa a ƙofar arziki, ya tsallaka titi wurin wani yaro mai lema. Bayan kwana tara ya dawo sayen katin ɗari biyu. Bai ɗaga zancen ba, ni ma ban ɗaga ba. A bakin maƙwabcin rumfarsa na ji cewa sai da kuɗin dila guda ya tafi kafin lambar ta daina shiga.

Karatun da aka yi wa wannan dattijo shi ake yi wa maigidanki, babur ne kawai ya koma keke. Abin da nake gaya wa duk wanda ya zo mini da irin wannan albishir shi ne ya toshe kunne daga daɗin bakin, ya dubi inda kuɗi ya fuskanta. Kyauta daga hannun mai bayarwa take tasowa ta zo gare ka. In aka wayi gari kai da aka ce ka ci kai ne kake turawa, to kai ne kyautar, su suka ci. Mutumin da ke riƙe da miliyan ɗayanka, me ya hana shi cire 46,000 a ciki ya turo maka sauran? In maigidan ya yi musu wannan tambaya za su ce doka ta hana a taɓa kuɗin kyauta, wannan ma yana cikin abin da suka haddace. In kuwa ya biya, ba a gama ba. Jibi tirela za ta lalace a Mokwa, gata kuma a ce inshora. Da ƙaramin kuɗi suke farawa da gangan, don wanda ya riga ya zuba 18,500 ba ya son ya yarda ta tafi a banza, sai ya bi ta da wata.

Batun sanin sunansa kada ya ruɗe ki. Wasu bankunan waya lambar wayarka ita ce lambar asusunka, sifirin farko kawai ake cirewa. Duk wanda ya danna lambar kamar zai tura maka kuɗi, sunanka zai fito masa cikakke, bai kashe ko sisi ba. Ga Truecaller, manhajar da ke nuna sunan mai lamba, ga takardun da muke cikewa ko'ina da sunan tallafi. Hausar da ya ji ma ba shaida ba ce. Da can ɗan damfara da Turanci yake zuwa, muka saba gane shi daga nesa. Na yanzu da cikakkiyar sallama yake farawa, ya ce "Masha Allah, rabonka ne ya rantse."

Sauran aikin naki ne, kuma shi ne mai wuya. Maigidanki ba keken yake karewa ba yanzu, kuɗin da ya riga ya tura yake karewa, da girmansa a idonki. In ya amsa damfara ce, ya amsa an yi masa wayo ke nan, kuma matarsa ta riga shi ganewa. Na san wannan ciwo don na ɗanɗana. A 2007, ina da shagon intanet, ni ne mai buga wa mutane wasiƙun "ka ci cacar ƙasar Sifen" ina yi musu dariya a ciki. Aka kira ni aka ce na ci janareta. Na kankare katin waya na naira 1,500 har guda biyu, na karanto lambobin da bakina. Uwargida ba ta ji labarin ba sai da shekara ta zagayo.

Saboda haka kada ki ce masa "ai na faɗa maka". Ki ce tunda abin arziki ne, a je a karɓo shi a ofis. Manyan kamfanonin waya suna da ofis a cikin garin Kaduna, kuɗin mota daga Rigasa kuwa bai kama ƙafar 46,000 ba. Ya je shi kaɗai in ya so, ya nuna wa ma'aikacin da ke bayan kanta lambar da ta kira shi. Gara ya ji daga can da ya ji daga bakinki. In ya ƙi zuwa, ki kai maganar wurin wanda yake jin nauyi, wansa ko limamin unguwa, tun kafin dillali ya zo taya keken.

Tambaya: Kawu, ni gani nake kana tsorata mutane. Maƙwabcinmu ya ci firji a garaɓasar wani banki, da idona na ga an sauke shi. Shi ma damfarar ce? Daga wani matashi, Unguwar Dosa.

Amsa: A'a ɗana, firjin gaske ne, Allah ya sanya alheri. Garaɓasar gaske tana nan, bankuna da kamfanonin waya da masu lemo da masu taliya duk suna yi. Amma je ka tambayi maƙwabcin naku nawa ya biya kafin a sauke firjin, kuma ko ya san da gasar kafin a kira shi. Za ka tarar ya ji tallarta a rediyo ko ya gani a reshen banki, ya ajiye abin da aka ce a ajiye, aka kira shi ofis da katin shaida, aka ɗauke shi hoto ana ta tafi. Kamfani don talla yake rabon kaya, so yake duniya ta ji. Wanda ya ce ka ɓoye ya riga ya tona kansa. Wanda kuma bai shiga fili ba, ta ina zai yi kaye? Kada ma ka dogara da sunan kamfanin da ke fitowa a saman saƙon tes, ana iya ƙirƙirarsa. Wadda ake zuba kuɗi don a ci kuwa, wannan caca ce zalla, hukuncinta na aya ta 90 a Suratul Ma'ida, malamai sun fi ni bayani.

Tambaya: Malam, an turo mini imel da tambarin gwamnatin Amurka, wai na ci cacar biza, in tura dala 420 ta hannun wakilinsu cikin kwana bakwai ko a ba wani. Shekara uku da gama digirina ba aiki. Innata ta ce za ta sayar da tumakinta biyu. Daga haifaffen Kawo.

Amsa: Ɗana, "haifaffen Kawo" da ka rubuta ya gama amsa tambayar. Shirin da suka ari sunansa na gaske ne, shi ake kira DV, Amurka kan ware biza har 55,000 a shekara ta hanyar ƙuri'a. Sai dai an cire Najeriya tun zagayen DV-2015, wanda aka yi rajistarsa a ƙarshen 2013. Dalili kuwa, ƙa'idar shirin ta ce duk ƙasar da mutanenta fiye da 50,000 suka yi ƙaura zuwa Amurka cikin shekara biyar ba ta shiga, mu kuwa mun haura. Ƙasar da aka haife ka ake dubawa, ba fasfon da kake riƙe da shi ba. Akwai 'yar ƙofa ga wanda matarsa haifaffiyar wata ƙasa ce mai shiga, amma ban ji ka ambaci mata ba. Ban ma ji ka ce ka taɓa cike fom ba.

Ko a ƙasashen da ke shiga, Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka ba ta aika wa kowa imel ko wasiƙa cewa ya ci. Lambar shaida ake ba mutum ranar da ya yi rajista, shi zai koma shafinsu da kansa ya duba, adireshin shafin kuma da .gov yake ƙarewa. Kuɗin bizar a ofishin jakadanci ake biya ranar ganawa, babu wani wakili a tsakani. Ka danna sunan wanda ya turo maka saƙon ka ga adireshin da ke ƙarƙashi, sau da yawa za ka tarar Gmail ne irin naka. Tambari kuwa, a shagona cikin minti biyu zan ɗora maka shi a kan takardar sunan jariri.

Na san zaman shekara uku ba wasa ba ne, shi ya sa saƙon ya shige ka. Ka bar wa Inna tumakinta, layya na tafe, za su yi daraja.

Tambaya: Baba, a guruf ɗin islamiyyarmu na WhatsApp malamarmu ta turo linki, wai wata gidauniya na rabon tallafin naira 50,000, sai ka tura wa guruf biyar. Na cike. Can wani ya kira ya ce in karanto masa lambobi shida da aka turo mini don a sa ni a jeri. Ina cikin dubawa cajina ya ƙare. Na yi asara ne? Daga wata ɗaliba, Unguwar Sanusi.

Amsa: 'Yata, yau ne na fara jin ɗauke wuta ya yi wa wani rana. Lambobin nan shida mabuɗin WhatsApp ɗinki ne. Mutumin ya sa lambar wayarki a tasa wayar, WhatsApp ya turo miki lambar tabbatarwa, da kin karanta masa da ya shige ya rufe ki a waje. Daga nan sai ƙawayenki da yayyenki su fara samun saƙo da sunanki da hotonki: "Don Allah ranta mini dubu goma zuwa gobe." Ba mamaki haka aka yi wa malamar taku, ko kuwa ta tura ne da kyakkyawar niyya ba ta duba ba. Ki kira ta kira na baki ki tambaye ta, ba ta WhatsApp ba.

Irin shafin nan na san shi. Akwatuna ne a jere a ce ka zaɓa sau uku, na farko wayam, kafin na uku ka ci. Na gwada wani a wayoyi huɗu a shagona, duk huɗun suka ci, har da ta yaron da ke share mini shago. A ƙasa kuma ga mutane suna ta "na samu nawa, Allah ya saka", sunaye iri ɗaya, maganganu iri ɗaya a kowace waya. Tallafin da na gwamnati ne, adireshinsa da .gov.ng yake ƙarewa, kuma ba ya sa ki aikin rabawa a guruf.

Yau ɗin nan ki shiga saitin WhatsApp, ɓangaren asusu, ki kunna tabbatarwa mai mataki biyu, ki sa wata lambar sirri taki ta kanki. In kin rubuta BVN ko NIN ko ranar haihuwa a fom ɗin, ki sa ran kira daga wani "ma'aikacin banki" da ya san komai naki. Ki kashe, ki je reshe da ƙafarki.

Tambaya: Malam, ni tsohon malamin firamare ne, na yi ritaya. An kira ni aka ce sunana ya fito cikin waɗanda wani bawan Allah zai ba kujerar Makka, sai an tantance asusuna. Na ba da lambobin katin ATM gaba da baya, da wata lamba da ta shigo ta tes. Kafin in ajiye wayar naira 212,000 ta fita, abin da na tara na fansho. Kwana biyu ke nan ban gaya wa 'ya'yana ba. Ko zai dawo? Daga wani dattijo, Malali.

Amsa: Baba, Allah ya mayar da mafificin alheri, ya kuma kai ka ɗakinsa ta hanyar da ba ka zata ba. Ba zan yi maka daɗin baki ba, kwana biyu a wannan harka lokaci ne mai tsawo. Kuɗin sata ba ya kwana a asusun da ya fara sauka, nan take ake rarraba shi a cire a wurin irinmu masu POS. Wanda ya kai kuka cikin awa guda ya fi samun sa'a. Duk da haka kada ka zauna.

Ka fara da kiran lambar da ke bayan katinka a toshe shi, don fanshon wata mai zuwa ma a wannan asusun zai sauka. Sannan ka je reshen bankinka ka rubuta ƙorafi a takarda, da rana da lokaci da adadin da ya fita, ka roƙi su tuntuɓi bankin da kuɗin ya shiga a daskarar da asusun. Kada ka fito sai an buga maka hatimi a kwafinka. Kada ka goge saƙo ko ɗaya, ko lambar da ta kira ka. Da waɗannan za ka je wurin 'yan sanda, hukumar EFCC ma tana da ofis a nan Kaduna. In mako biyu suka wuce banki bai ce maka komai ba, Babban Bankin Najeriya na da sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna, can ake ɗaukaka ƙorafi.

Ga abin da nake so duk mai karatu ya riƙe daga labarin Baba. Wanda zai saka maka kuɗi, lambar asusunka mai lamba goma da sunan bankinka sun ishe shi. Dogayen lambobin gaban kati, da ranar ƙarewarsa, da ukun nan na baya, da wadda ke shigowa ta tes, duk kayan cire kuɗi ne, babu na sakawa ko ɗaya a ciki. Mai ba da kujerar Makka kuwa fasfo zai nema.

Abu biyu suka rage, Baba. Wataƙila a sake kiranka, wai daga banki ko EFCC, an kama ɓarayin, ka biya kuɗin buɗe fayil a dawo maka da naka. Su ne dai suka dawo kwasar ragowa. Sai batun 'ya'yanka: ka gaya musu daren nan. Kai ka koya wa 'ya'yan mutane karatu shekara da shekaru, wannan abu bai rage maka komai ba a idon mai hankali, kuma kana buƙatar mai raka ka banki gobe da safe.

Tambaya: Oga, wani abokina na Facebook ya ce ya ci gasa a ƙasar waje amma asusunsa na da matsala. Ya ce in ba shi nawa a turo, in cire kashi goma in tura masa sauran. Ni ba abin da zan biya, shiga ma kuɗi zai yi. Ina matsala a nan? Daga mai gyaran waya, Kasuwar Sheikh Gumi.

Amsa: Ƙanena, ka tuna sunan macen nan da ya fito a na'urata ranar da dattijo mai gwanjo ya zo? Ba mamaki ita ma haka aka ce mata. Kuɗin zai shigo da gaske, alat zai yi ƙara, sai dai ba daga ƙasar waje ba. Fanshon Baba na Malali ne, ko 18,500 ɗin mutumin Rigasa. Ranar da suka kai ƙara, asusun da kuɗin ya fara sauka shi ake bi, kuma tun da aka kawo BVN a 2014 duk asusunka a ɗaure suke da hotonka da zanen yatsunka. Abin da muke kira 419 ya samo sunansa ne daga sashe na 419 na kundin manyan laifuffuka, amma dokar da aka fi kai mutane kotu da ita yanzu ita ce ta damfara ta 2006. Ta yanke ɗaurin da bai gaza shekara bakwai ba, bai wuce ashirin ba, babu zaɓin tara, kuma wanda ya taimaka hukuncinsa ɗaya da wanda ya aikata.

Shi abokin naka, ka taɓa ganinsa ido da ido? Ka san ƙofar gidansu? Ka fara shirya amsa, don tambayar da jami'in da zai tsaya a bakin rumfarka zai fara yi maka ke nan.